Ƙafar Mutari

Ranar wata Talata, cikin bazarar da ta biyo bayan farin shekarar tamanin da huɗu, aka rataya ni a reshen bishiyar dogon yaron da ke tsakiyar filin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, kamar buhun gyaɗa a gaban mai awo. Ina aji uku a lokacin, a wani ƙauye na ƙasar Hamdara wanda ko na faɗi sunansa ba wanda zai san shi. Wasu baƙi ne suka zo daga Damagaram a farar mota, maza biyu da mace ɗaya, suka ɗaura ma'auni mai ƙugiya a reshen, suka ce kowane yaro ya kama igiya da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa. Mushe Isufu, malaminmu, yana tsaye da tsumagiyarsa yana jera mu, shi ma rigarsa ta yi masa yawa. Da aka zo kaina na kama igiyar, na naɗe gwiwa, iska ta ɗan juya ni, sai yara suka fashe da dariya, don wandona ya zame, ba ƙugun da zai riƙe shi. Matar ta dubi allurar ma'aunin, ta dube ni, ta zagaya dantsena da wani siririn ƙyalle, ta faɗi wata magana da Faransanci wadda ban gane ba, aka tura ni ɓangaren hagu. Ɓangaren hagu shi ne na waɗanda za a riƙa ba kunu kullum. Ban taɓa cin jarrabawa da sauƙi haka ba, kuma ban sake ba.

Tun jajibirin ranar mai shela ya zagaya gari, ya ce mai gari ya ce kowace mace ta kawo ƙananan ƴaƴanta filin lakwal, ba ƴan makaranta kaɗai ba, har na goye. Kuma an kawo. Na ga yara wuya kamar sillen kara, ido ya faɗa, kukan ma ba sa iya yi sai buɗe baki. Amma innata ba ta kawo ƙanena Mutari ba. Ta zo ita kaɗai ta tsaya daga bayan dangar lakwal, ta ga an tura ni hagu, ta juya ta koma gida. Mutari yana cikin ɗaki, ta saki masa asabari, ta gicciya turmi a bakin ƙofa. Shekararsa huɗu. Dalilinta kuwa, in na faɗa yau sai mutane su yi shiru suna kallona, amma a ranar ita a ganinta hankali ta yi. Mutari ya yi ƙiba.

Sai wanda ya tashi inda muka tashi zai gane nauyin wannan kalma a wurinmu. Kafin farin, mu ba mayunwata ba ne, amma ban san gidan da ake barin ragowar tuwo a ƙwarya ba. Kafin a buga ƙarfen lakwal da safe, wanda tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataya, na riga na kora awaki bayan gari, na bi jaki rijiya na dawo. Da damina Baba yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige, har rana ta take tsakiyar ka. Da kaka mu ke korar tsuntsu a gonar gero, mu yi kalar gyaɗa a gonakin da aka riga aka cire, mu gasa ta a wutar kara mu ci da toka da ƙasa. In an tashi hutun tsakiyar safiya sai langa, sai kokawa a yashi, sai balon tsumma da muke bi har ƙarfe ya sake kira. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan motsa jiki ne. Aiki ne da wasa, kuma duk sun cinye abin da muka ci kafin ya zauna a jiki. Masu ƙiba a garinmu biyu ne, mai awon gyaɗa da uwargidan mai gari, kuma kowa na yi musu kallon waɗanda Allah ya so. In mutum ya dawo daga ci-rani, gaisuwar da ta fi masa daɗi ita ce, “Kai, ƙasar ta karɓe ka, ka yi ƙiba.” Jinjiri kuwa, in ya ƙi kunu, kwantar da shi ake a cinya a tara hannu a bakinsa a yi masa ɗura, yana shure-shure ana zubawa, don macen da ɗanta ba shi da kumatu ita ake zagi a bakin rijiya, ba mijinta ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Awakinmu suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, jakin ya bi su, daga ƙarshe Baba ma ya bi hanyar Kano neman abin da zai aiko. Kakata ta riga ta rasu, saboda haka gidan ya rage Inna da ni da Mutari, kuma Inna a lokacin yarinya ce, ba ta kai shekarun babbar ɗiyata ta yanzu ba. Muka ci dusa, muka ci tafasa, muka ci anza, ƙwayar wani icen daji wadda sai an jiƙa ta ana sake ruwa ana sakewa kafin ɗacinta ya ragu, shi ma ba fita yake ba, mutum ne ke sabawa. Baba ya aiko da ɗan garin rogo ta hannun wani mai tafiya. Inna ta ɓoye shi a tukunya, ta riƙa dama wa Mutari shi kaɗai, da ruwa, ba nono ba mai ba komai, ta haɗa masa da rabonta. Ni na sha ganinta tana lashe ludayi ta ce ta ƙoshi. Ana nan sai ƙafafun yaro suka cika, hannu ya cika, kumatu suka taso har idonsa ya ƙanƙance. Inna ta ɗauka wahalarta ce ta biya. Na tuna ta tana shafa masa kai tana cewa, “Ko ɗaya dai ya tsira da jikinsa.”

Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta hango shi, ta ce, “Ke kuwa me kike ba yaron nan?” Ba ta ce tubarkalla ba. Wannan rashin tubarkallar shi ya rufe Mutari a ɗaki. Inna ta ji tsoron baki, don yaro mai kumatu a shekarar da ƴaƴan kowa ke bushewa, duk idon gari a kansa zai sauka. Ta kuma ji kunyar a ce ta ɓoye hatsi tana kuka da mutane. Ta karɓo laya ta rataya masa, ta hana shi fita ko tsakar gida, ni kuma ta ja mini kunne kada in kuskura in yi zancensa a waje. Akwai tsofaffi a garin waɗanda suka ga yunwar da ta wuce, da sun gan shi da kallo ɗaya za su gane, amma ba wadda ta gan shi. Ranar awo kuma ta ce da wane ido za ta kai ƙosasshen yaro ya tsaya layin kunu da ƴaƴan mutane.

Kunun nan na lakwal, har yau ina jin ƙamshinsa in na rufe ido. Garin masara ne da madara da mai, ana dama shi a rabin tano, wato duron ƙarfe. Nakan sha rabi in rufe sauran a gwangwani in kawo gida ƙarƙashin riga. Inna takan ce, “Shanye abinka, kai ne ƙashi.” In na faki idonta na kai wa Mutari, sai ya kau da kai. Ba ya kuka, ba ya wasa, yana zaune inda aka ajiye shi kamar tulu. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, fatar cinyarsa ta fara saɓulewa. Inna ta ce ai ga shi nan, bakin ne ya kama shi duk da ɓoyon, ta ƙaro wata layar.

Kawu Habu, yayan Inna, shi ne ya zo daga wajen Mirriya duba mu. Ya ɗaga asabari, ya tsaya, ya saɓa yaron a kafaɗa. Muka bi shi a amalanken shanun wani mutum, saniyar ma da ƙyar take ɗaga ƙafa. A ɗakin shan magani wani dattijon ma'aikaci da ake kira Majo ya karɓe mu. Bai ɗauko wani ƙarfe ba, bai sa komai a kunne ba. Ya kama ƙafar Mutari, ya danna babban yatsansa a bayan ƙafar, ya ɗan riƙe, ya ɗage. Ramin yatsan ya zauna, kamar an danna ɗanyen yumɓu. Muka tsaya muna kallon ramin, muna jiran ya cike, bai cike ba. Majo ya ce, “Ruwa ne wannan, ƴata, ba nama ba. Yunwa ce.” Ya tambaya me ya sa ba a kai shi ranar awo ba, Inna ta sunkuya tana gyara wa yaron laya, shi kuma bai sake tambaya ba. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya. Kafin ruwan farko ya sauka muka binne shi. Da Baba ya dawo ba wanda ya ba shi labarin ɗaki da turmi, aka ce ciwo ne, kwana ya ƙare, kuma daga ranar maganar ba ta sake fita daga bakin kowa a gidanmu ba.

Abu ɗaya ne ya rage. Duk yaron da ya zo hannun Inna bayan wannan, nata ko na wani, kafin ta dubi fuskarsa sai ta kama ƙafarsa ta danna yatsa. In wurin ya cike nan take sai ta saki numfashi, ta ce, “Nama ne,” sannan ta nemo abin da za ta cusa masa a baki. Ni ma na tashi da wannan a hannuna ba tare da an koya mini ba. A sanina cutar yaro iri ɗaya ce, kuma yatsa yana gano ta.

Lakwal ban gama ba. A aji biyar na tsaya, don gonar Baba ta fi bukatar hannuna a kan allon Mushe Isufu. Abin da na fita da shi bai wuce in karanta sunan kaya a jikin kwali in rubuta irin wannan rubutu da kuke gani ba. Na shigo Damagaram ina saurayi, na yi turin ruwa a garin da ruwa ya fi nama wuya, na yi dako a kasuwa, na yi kabu-kabu da babur har bayana ya ce ya isa. Yanzu ina da ƴar butik kusa da tasha, ina sayar da sukari, madara, biskit, taliya, lemun kwalba, da sauran abubuwan da ban taɓa gani ba sai da na yi gemu. Matata Barira ta haifa mini mata uku a jere, sannan da girma ya fara kama mu Allah ya kawo namiji. Na sa masa Mutari. Inna, wadda ta dawo wurina tun rasuwar Baba, ba ta taɓa kiran sunan ba. Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Ba zan ɓoye ba, na ciyar da yaron nan, kuma ban ga laifin kaina ba a lokacin. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi an shafe shi da mayonez. Aljihunsa biskit, hannunsa lemo. A ƙofar lakwal mata na jiransa da fanke da alawa da ruwan leda mai ƙanƙara, sun san shi da suna. Da rana shinkafa da mai har tana ƙyalli. In ya biyo butik da yamma, duk abin da ya nuna nasa ne. A kan babur nake kai shi har bakin aji in ɗauko shi, don ban ga dalilin da ɗana zai taka rana ba alhali ni na taka ta isa ta mutum biyu. Ba awaki, ba rijiya, ba gona, sai tabarma da waya. Ya cika, ya yi wuya, cinyoyinsa na gugar juna. Mutane in sun gan shi su ce tubarkalla, in sun manta in tuna musu. Nakan danna ƙafarsa in ga wurin ya cike, in ji wani sanyi a raina wanda ban samu a kuɗi ko a komai ba.

Bara sai lakwal ɗinsu, wadda mai zaman kanta ce, ta fito da wani sabon shiri, wai na lafiyar ɗalibai. Aka hana masu fanke da alawa zama a bakin ƙofa, aka ce sai mai gyaɗa da dabino da ƙwai da ƴaƴan itace. Aka sa gudu kowace safiyar Laraba. Aka haƙa ɗan lambu a bayan azuzuwa, zogale da tumatir da salati, yara na ba shi ruwa da jarka. Da na ji sai da na yi dariya a butik. Na ce wato mu da muka gudo daga gona, yanzu biya muke a koya wa ƴaƴanmu ɗaukar jarka. Na ce mutanen nan dai ba sa gajiya, jiya sun zo sun ce ku ci, yau sun zo sun ce kada ku ci, mu kuma kullum muna layi. Sannan aka kawo ma'auni. Ba na reshe ba ne, wani ɗan faranti ne da ake takawa. Aka auna yara duka, aka ware wasu gefe, Mutari na cikinsu, aka ce iyayensu su zo.

Na je da fushina. Madam ɗin ajinsu, wato malamarsu, na zaune da wani matashin malamin lafiya wanda bai fi sa'an ɗiyata ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Baba, yaronka ya yi nauyi fiye da shekarunsa.”

Na ce, “Alhamdu lillahi.”

Madam ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na jawo Mutari, na cire masa takalmi a gabansu, na danna yatsa a ƙafarsa na ɗage, wurin ya cike. Na ce, “Ka gani? Nama ne. Ni na ga yaro mai ciwo da idona tun ba a haife ka ba.” Yaron nan bai yi fushi ba. Ya ce ya san abin da nake dubawa, kuma gaskiya ne babu wannan. Sai ya juya Mutari, ya ja wuyan rigarsa, ya nuna mini baƙin nan da ke bayan wuyansa, mai kauri kamar an shafa bakin tukunya. Barira ta yi shekara tana dirzar wurin da soso da sabulu tana zagin yaron da ƙazanta. Ya ce, “Wannan ba dauɗa ba ce, Baba. Jiki ne ke gaya mana sukari ya fara fin ƙarfinsa. Bai kamu ba tukuna. In aka ci gaba haka, zai iya kamuwa tun yana saurayi.”

Na san ciwon sukari. Mai goron da ke zama gefen butik ɗina, an yanke masa ƙafa daga gwiwa saboda shi, ni ke miƙa masa sandarsa in zai tashi salla. Ban dai taɓa zaton ciwon yana kallon yara ba. Muka fito ban yi sallama ba. A hanya, da yake na bar babur a wurin gyara, muka taho a ƙasa, ba mu yi nisa ba na ji yaron na huci a bayana kamar mai hawan dutse. Na tsaya jiransa a inuwar wani shago. Ya iso yana share zufa, ya ce, “Baba, ni fa ina son balo. Numfashi ne ke ƙare mini. Kullum raga suke ba ni in tsare, wai ni na cika ta.” Ya yi dariya, irin dariyar da yaro ke yi don kada a ga ya ji ciwo. Tanki suke kiransa, ashe, tun yana aji biyu. Ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambayarsa komai ba sai ko ya ƙoshi.

Ba wani abin kirki muka yi ba, kada wani ya ɗauka labarin nasara nake bayarwa. Na janye lemo da biskit, Barira ta rage mai, ta dawo da tuwon gero da miyar kuka da kwaɗon zogale, abincin da na rantse ɗana ba zai rayu a kansa ba. Na daina kai shi a babur. Yaron ya yi kuka, ya yi fushi, wata rana ya saci alawa a butik na kama shi, na ɗaga hannu na rasa wa zan mara, shi ko ni. Amma babbar rigimar ba daga gare shi ta zo ba. Inna ce. Tana da tasa a ƙarƙashin gado, kullum da fanke a ciki an barbaɗe shi da sukari, ban san wa take aika ba. Sai in ji tana kira ƙasa-ƙasa, “Maigida, zo nan, waɗannan mugayen so suke su mai da ka kara, ni kuwa ba na auren kara.” Na yi mata bayanin wuya, na yi mata bayanin mai goro, ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ƙoshi ya kashe ba. Me zan ce mata? Ni ma watannin baya abin da zan faɗa ke nan.

Da aka ɗan jima jikin yaron ya fara sauka. Wando ya yi masa sako-sako. Wata safiyar Laraba, ranar gudu, ya fito daga wanka ba riga, Inna ta hango ƙashin wuyansa ya ɗan fito. Ina cikin ɗaki ina neman makullin butik, da na fito ba Mutari a tsakar gida, takalminsa na gudu na ajiye a bakin ƙofar Inna. Ta sa shi ciki, ta ja ƙofa ta rufe, ta jawo kujerarta ta zauna a gaba da carbi a hannu. Ta ce, “Ba inda za shi. Baki ne ya kama yaron nan. Malamai na zancen jikinsa, yara na zancen jikinsa, an aza shi a ma'auni gaban jama'a, ga shi nan yana narkewa kuna kallo. Zai zauna a nan har idon mutane ya sauka daga kansa.”

Na roƙe ta. Na ce lokaci na tafiya, ta ce ya tafi. Barira ta sa baki, ta ce mata ba da ke nake ba. Na tsaya ina kallon ƙofar nan a rufe, da tsohuwa a gabanta, da yaro mai suna Mutari a bayanta. Ban shirya maganar ba, fita ta yi.

Na ce, “Inna, wancan ma ɗaki kika sa shi.”

Barira ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige madafa. Carbin Inna ya tsaya. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa mata wannan wuri, sai ni da ta lashe ludayi saboda mu. Na so ƙasa ta buɗe. Can ta dafa bango ta miƙe, ta tura ƙofar, ta ce, “Fito.” Ya fito da sukari a gefen baki. Ta zaunar da shi a kujerarta, ita ta durƙusa da ƙyar, ta kama ƙafarsa ta danna yatsa ta ɗage. Ta daɗe tana kallon wurin, ko da yake tuni ya cike. Sannan ta ɗauko takalmin ta sa masa da hannunta, ta ɗaure igiyar ɗaurin da ba daidai ba, ta ce, “Tafi, ragon miji. In ka faɗi a hanya kada ka ce ka san ni.”

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da kai. Yanzu tana amsawa. Tasar na nan ƙarƙashin gado, amma gyaɗa ce a ciki da dabino, ko da yake ban rantse ba a kan ranakun da ba na gida. Maganar ɗakin ba mu sake yin ta ba, kuma ban san ko ta yafe mini ba.

Ni ke raka shi lakwal a ƙasa yanzu, gwiwoyina na ƙara, butik na buɗewa a makare. Baƙin wuyan ya ɗan dushe. An fitar da shi daga raga, yana buga baya, ya ce har yanzu Tanki suke ce masa amma yanzu tsoronsa suke ji. Wani lokaci nakan tsaya a bakin danga in kalle su suna zagaya fili da malami a gaba yana hura usur, in tuna mu da ba wanda ya taɓa hura mana komai, ƙarfe ne kawai ke raba mu da gudu. Ba na kewar yunwa, wanda duk ya ce yana kewarta bai san ta ba. Abin da nake kewa shi ne shekarun nan kaɗan kafin farin, lokacin da tuwo ɗaya ya isa, rijiya na da nisa, kuma ba wanda ya san nauyin ɗansa. An auna ni don na rame, an auna ɗana don ya cika, a tsakanin ma'aunan nan biyu rayuwata ta ƙare ina ɗauke wa yaro abin da na sha wahala na nemo masa. Na gaji, amma gobe ma Laraba ce.

In ya dawo, har yau ƙafarsa nake fara kallo.